Malam Edita, a riƙa faɗin sunan wadda ta tattara tarihin Nana Asma'u

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe. Ina gaishe ka da aiki, kai da duk ma'aikatan gidan jaridar nan taku, Allah ya ƙara basira.

Na karanta rubutun da kunka buga a shafin mata kan Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, kuma na ji daɗi ƙwarai, don ba kullum ake tuna ta ba sai ranar bikin mata ko in wani ɗan siyasa na neman abin da zai ƙawata jawabi da shi. Amma akwai abin da ya tsaya min a rai shi ya sa na ce bari in rubuto. Kusan duk abin da ke cikin rubutun nan, tun daga jerin waƙoƙinta da shekarun da anka yi su har zancen jaji, wato shugabar mata masu zuwa karatu wajenta, da malfa, daga aikin mace ɗaya ya fito, wato Jean Boyd, amma ko sau ɗaya ba a ambaci sunanta ba. Ba ina cewa marubucin ya yi sata ba ne, na san yadda abin ke tafiya yanzu, an kwaso daga intanet, shi ma na intanet ɗin daga wani ya kwaso, a haka a haka har mai asalin wahalar ta ɓace a hanya. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata nan cikin Sakkwato, kuma da na ta da zancen a ɗakin malamai amsa iri biyu na samu. Wasu sunka ce wace ce kuma haka, wani abokin aikinmu kuma, dattijo ne ina ganin girmansa, ya ce da ni, "Haba Malama, yanzu Baturiya ce za ta gaya muna ko wace ce ɗiyar Shehu?" Duka biyun sun dame ni, amma ta biyun ta fi, don akwai gaskiya a cikinta kuma akwai lalaci da ke fakewa a bayanta.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Jean Boyd 'yar Ingila ce, ta zo Najeriya a 1955 aikin koyarwa tun Turawa na mulki, sai zama ya kama ta har ta yi kusan shekara talatin a Arewa, mafi yawansu nan Sakkwato. Ta ji Hausa sosai. Ba irin masu zuwa da kyamara su yi wata uku su koma su rubuta littafi a kanmu ba ce. Ta yi aiki a hukumar tarihi ta jiha, wadda yau ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu, kuma tun kafin ta shiga zancen Asma'u ta riga ta sa hannu a wasu ayyuka, ita da Alƙali Sidi Sayudi sunka fitar da Infaƙul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Hausa a 1974, sannan a 1978 ita da Alhaji Shehu Shagari sunka yi ɗan littafi kan shugabancin Shehu Ɗanfodiyo, shekara ɗaya ke nan kafin ya zama shugaban ƙasa. Daga baya ma ta yi na Sarkin Musulmi Abubakar na uku tare da Hamzat Maishanu. To ka ga wadda manyan garin nan sunka yarda su haɗa suna da ita a bangon littafi ba za a ce baƙuwar rana ɗaya ce ba.

Wanda ya buɗe mata ƙofa kuwa shi ne Waziri Junaidu, Allah ya jiƙansa, wanda anka haifa a 1906 ya rasu a 1997. Nan ne nake so abokin aikina ya tsaya ya yi tunani. Waziri Junaidu tattaɓa kunnen Asma'u ne, ɗan Waziri Buhari ɗan Ahmadu ɗan Giɗaɗo, ita kuwa Asma'u matar Giɗaɗo ɗan Laima ce Wazirin Bello. Wato takardun nan gadon gidansu ne a Giɗaɗawa, kuma mutum ne da ya fi kowa sanin darajarsu a zamaninsa, shi da ya rubuta Tarihin Fulani da littattafai masu yawa da Larabci. In shi ya ga dacewar ya ba ta su ta karanta, ya zauna yana amsa mata tambayoyi, ni ban ga wanda zai zo yau ya fi shi kishin ɗiyar Shehu ba.

Abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne wahalar irin wanga aiki. Rubuta tarihin marubuci a wajen Turawa abu ne da ke da kayan aiki a shirye, akwai wasiƙu cike da akwati, akwai littafin da mutum ke rubuta abin da ya yi kullum, akwai jaridun zamanin. Asma'u ba ta bar muna irin wannan ba. Abin da ta bari waƙoƙi ne da 'yan rubuce-rubucen zube, wasu da Larabci wasu da Fillanci wasu da Hausa, duka da baƙaƙen Larabci, a warƙa warƙa ba ɗinki, cikin gafaka. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohuwar gafaka a gidan malamai ya san abin da nike faɗi, takarda ta yi ja ta bushe, gefe ya cinye, ba lambar shafi sai dai kalmar nan ɗaya da magabata ke rubutawa a ƙasan warƙa wadda ita ce farkon warƙa ta gaba, in iska ta watsa maka su to da ita kaɗai za ka mayar da kowace wurinta. Kuma kwafe ne bisa kwafe, wani mai kwafa ya tsallake baiti, wani ya gyara abin da bai gane ba. Sannan a cikin waƙoƙin ba ta cika zancen kanta ba, ba za ka ji ta ce yau na yi kaza ko raina ya ɓaci da wane ba, wa'azi take yi ko begen Annabi ko marsiyya ko tarihin jihadi. To daga nan ne mai rubuta tarihi zai zaƙulo rayuwar mutum.

Dabarar farko ita ce jera waƙoƙin bisa shekaru, kuma a nan Asma'u da kanta ta taimaka don ta saba rufe waƙa da ramzi. Ɗalibaina kullum sai sun yi mamaki in na nuna musu wanga lissafi a allo. Kowane baƙi yana da adadinsa, sai mai waƙa ya haɗa kalma wadda in ka tara adadin baƙaƙenta za ta ba ka shekarar Hijira. Ɗauki ramzi irin nabshiru, a lissafin Magariba da malamanmu ke bi nun 50 ne, ba 2, shin 1000, ra 200, ka tara ka samu 1252, wato tsakanin 1836 da 1837 a lissafin Nasara. Da irin haka anka gane wace waƙa ta riga wace, sai ka ɗora ta bisa abin da ke faruwa a daular a shekarar, yaƙin Gawakuke na 1836, rasuwar Bello a Wurno a 1837, sai ka fara ganin dalilin da ya sa ta yi waƙa kaza a lokaci kaza kuma da harshe kaza. Wanga shi ne ginshiƙin aikin Jean Boyd, kuma ba aikin dare ɗaya ba ne.

Dabara ta biyu marsiyyoyi. Asma'u ta yi wa Bello, ta yi wa mijinta Giɗaɗo, ta yi wa aminiyarta A'ishatu, amma kuma ta yi wa mutanen da ba masu sarauta ba, akwai ta maƙwabciyarta Halima, akwai ta wata jaji mai suna Hauwa'u. Jean Boyd ta lura da cewa abin da Asma'u ke yabo a jikin mamaci shi ke nuna maka abin da ita kanta ta ɗauka da daraja. A marsiyyar Bello ba ƙasashen da ya ci da yaƙi ta tsaya lissafawa ba, iliminsa da adalcinsa da taimakon talaka ta sa gaba. A ta Halima kuwa kirki da sada zumunta da sasanta mutane. Ni a ganina nan ne littafin ya fi daɗi, don a nan ne za ka ji kamar ka san matar. Sai kuma Jean Boyd ta haɗa da abin da baƙi sunka gani da ido, kamar Clapperton ɗan Birtaniya da ya zo Sakkwato a 1824 Giɗaɗo ya zama mai masaukinsa, ya sake dawowa ya mutu nan a 1827, ya rubuta yadda garin yake da yadda gidajen manya suke. Sannan ta shiga ƙauyuka ta zauna da tsofaffin mata tana tambaya. Fillanci da Larabci kuwa malaman garin nan ne sunka zauna da ita baiti baiti, zan dawo kan wannan.

Sakamakon shi ne littafin The Caliph's Sister da anka buga a Landan a 1989. Ɗan ƙaramin littafi ne ba shi da kauri, amma shi ne ya fara ba da rayuwarta a jere tun daga haihuwarta a Ɗegel a 1793, ita da tagwaininta Hassan, da hijira zuwa Gudu a 1804 tana 'yar shekara goma sha ɗaya, da yunwa da gudu da yaƙe-yaƙen da ta gani tana yarinya har faɗuwar Alƙalawa a 1808, da zama a Sakkwato, da rasuwar Shehu a 1817, har zuwa tsufanta lokacin da malamai daga nesa har ƙasar Shingiɗi ke musayar rubutu da ita.

Amma in an tambaye ni babban abin da Jean Boyd ta yi, zan ce fito da zancen 'yan taru ne, wato ƙungiyar karantar da mata da Asma'u ta kafa. Mu nan mun san su, ba a littafi munka san su ba. Kakata ta wajen uwa, mutuniyar wani ƙauye ce gabas da Sakkwato, ba ta taɓa riƙe alƙalamin boko ba, amma in ta zauna kaɗi da mazari a tsakar gida bayan la'asar sai ka ji tana jan baitoci da wata irin murya a hankali, na tsoron Lahira da na tafiyar Shehu daga wuri zuwa wuri, in ka tambaye ta sai ta ce na Nana Uwar Daje ne, a bakin jajinsu ta ɗauka tun tana yarinya lokacin da ake tafiya da su ziyara Hubbare. A wajenta wannan ba wani abin a rubuta ba ne, abin da kowa ke yi ne. To haka malaman tarihi maza, namu da na Turawa, su ma sunka ɗauke shi, sun cika littattafai da sarakuna da yaƙoƙi da fatawoyi sun bar wanga a gefe. Jean Boyd ce ta tsaya ta ce a'a, wannan tsari ne na ilimi, yana da shugabanni yana da manhaja. Asma'u na naɗa jaji ta ba ta malfa da jan rawani, jaji ta tattaro 'yan mata ƙanana da tsofaffi waɗanda sun wuce hidimar goyo, su tako daga ƙauye zuwa wajenta da 'yar sadakarsu ta hatsi ko zuma ko man shanu ko sawaye, su koyi waƙa su hardace, su koma su koya wa matan aure da ba su iya fita. Shi ya sa waƙoƙi da yawa anka mayar da su Hausa, kamar wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani, da Tabbat Haƙiƙa ta Shehu da ita ta fassara daga Fillanci ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi, don mafi yawan matan karkara Hausa suke ji. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da riƙon abin. A 1985 Jean Boyd da Murray Last, mai littafin Daular Sakkwato na 1967, sunka yi maƙala kan matsayin mata a harkar addini a Sakkwato, daga nan masu bincike sunka farga.

A nan akwai wata magana ta Jean Boyd da wasu malamanmu ba su so, cewa Asma'u ta ɗauki malfa da sunan jaji ne daga tsarin da mata sunka saba da shi tun kafin jihadi, irin na Innar Gobir da ke shugabantar matan bori, ta juya shi ya zama na karantarwa. Ni ban ga abin ɓacin rai ba, in ma haka ne to hikima ce ta mai wa'azi da ta san mutanenta. Sai dai ya kamata mai karatu ya sani wannan fahimtar marubuciya ce da ta haɗa alamu ta fitar, ba wai Asma'u ta rubuta haka da hannunta ba. Matsalar ita ce masu kwafa a intanet sun mayar da shi kamar nassi, har rubutun naku ma haka ya kawo shi ba ko "an ce".

Daga baya Jean Boyd ta haɗu da Beverly Mack, Ba'amurkiya tsohuwar malamar jami'ar Kansas wadda ta yi bincike a Kano kan waƙoƙin mata, sunka fitar da babban kundin ayyukan Asma'u a 1997 a jami'ar jihar Michigan, shafi sama da 700, ayyuka wajen 60, da fassarar Turanci da matanin asali, an kuma sake buga shi a Ibadan. Sai One Woman's Jihad a 2000 daga Indiana, wanda shi ne ya fi yawo a jami'o'in waje, sai Educating Muslim Women a 2013. A na ƙarshen nan har da labarin wasu mata Musulmi baƙaƙen fata a Pittsburgh ta Amurka da sunka kafa nasu 'yan taru. Wani abin lura, a bangon littafin 1989 an sa ta rasu a 1865, a na 2013 kuwa 1864 aka sa, don shekarar Hijira ba ta hawa daidai kan ta Nasara. Rubutunku ya kawo ɗaya a sama ɗaya a ƙasa ba bayani, alamar daga wuri biyu anka kwaso.

To yanzu in dawo kan maganar dattijon nan, don na ce akwai gaskiya a ciki. Aikin yana da inda ya gaza kuma ba laifi ba ne a faɗa. Da yake a waje littattafan sunka fi samun kasuwa, Asma'un da duniya ta sani yau ta fara zama wata iri, wai 'yar fafutukar 'yancin mata irin ta zamani. Laifin masu ɗauko zancen ya fi na marubutan yawa, amma dai ƙofar daga nan ta buɗe. Wanda ya karanta Goɗaben Gaskiya ko waƙoƙinta na wuta da aljanna ya san mace ce Baƙadira sufiya mai tsananin tsoron Allah, wadda ke karantar da mata don su san farilla su tsira gobe ƙiyama, kuma tana hana bori da kakkausar murya. Ba ta buƙatar a sa mata rigar wani kafin a ga girmanta. Haka kuma Jean Boyd ta so matar nan ƙwarai, kana karantawa kana jin son, kuma mafi yawan abin da ta samu daga gida ɗaya ya fito, gidan Waziri. Saboda haka muryar Gobirawa da Kabawa da anka yi yaƙi da su, da ta matan da anka kamo a yaƙi sunka tsinci kansu a gidajen Sakkwato, ba ta fito sosai ba, alhali su ne da yawa daga cikin waɗanda ake yi wa waƙoƙin Hausar. Mu da ke zaune da Gobirawa a aji ɗaya da gida ɗaya mun san labarin yana da wani gefen.

Abin da ya fi damuna ni a matsayina na malamar adabi shi ne waƙa ta koma hujjar tarihi kawai. A Turanci ba kari ba amsa-amo, baitin da kakata ke ja har tsigar jikinka ta tashi sai ka gan shi a shafi ya zama zance miƙaƙƙe. Ba laifin masu fassara ba ne, sun ma kyauta da sunka sa matanin asali, amma wanda ya san Asma'u ta Turanci kaɗai ya san malama ce, bai san gwanar waƙa ce ba. Sannan malaman da sunka warware wa Jean Boyd Fillancin ƙarni na 19, wanda ko Bafillacen yau sai ya yi da gaske, sunayensu na cikin shafin godiya ne, bango kuwa na masu Turanci. Ta gode musu, ba ta ɓoye ba, amma tsarin buga littafi na duniya haka yake, kuma ya kamata mu mu riƙa ɗaga su.

Duk da haka, Malam Edita, in mutum ya ce Baturiya ba za ta gaya muna ba, sai in ce to madalla, ina naka? Rubuta tarihin malamai da marubuta ba Turawa sunka kawo muna shi ba. Mijin Asma'u da kansa, Giɗaɗo, ya rubuta Raudul Jinan kan Shehu da Alkashfu wal Bayan kan Bello. Abdullahin Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi ya lissafa malaman da ya yi karatu wajensu. Bello a Infaƙul Maisuri ya kawo tarihin malaman ƙasashen nan. Waziri Junaidu ya yi Arfur Raihan kan 'ya'yan Shehu. Wato sana'ar gidanmu ce, mu munka sake ta. Ba na cewa ba a yi komai ba, yabon gwani ya zama dole, Farfesa Sa'adiya Omar ta jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta yi rubutu da Hausa kan 'yan taru da waƙoƙinsu da kuma rayuwar Modibbo Kilo, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi kan Narambaɗa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, tun can baya Malam Aminu Kano ya rubuta rayuwar Sa'adu Zungur. Amma ka auna da yawan marubutan da ƙasar nan ta haifa ka gani. Kuma mafi yawan abin da ake yi kundin digiri ne, a yi shi don maki, a ɗaure da baƙin bango a jibge a laburare ƙura ta rufe, babi na biyu "taƙaitaccen tarihinsa" shafi uku, an haife shi ya yi karatun allo ya yi aure ya rasu ya bar 'ya'ya kaza, shi ke nan. Wannan ba tarihin marubuci ba ne. Tarihin marubuci shi ne ka nuna min abin da ke faruwa da shi da garinsu a shekarar da ya yi waƙa kaza, wa ya karantar da shi, da wa yake jayayya, mi ya sa ya yi shiru shekara goma. Kuma mu muna da wata matsala da ita Jean Boyd ba ta da ita sosai, kunya da kara, ba ka iya rubuta cewa malam wane ya yi kuskure ko ya yi faɗa da wane don jikokinsa maƙwabtanka ne, sai littafi ya koma kirari tun daga farko har ƙarshe.

Ga kuma zancen samun littattafan. Kwafen The Caliph's Sister da nike aiki da shi fotokofi ne na fotokofi, taswirar da ke ciki ta zama baƙi ƙirin ba ka gane Ɗegel ba ka gane Gudu, wasu shafukan layin ƙarshe ya yanke sai dai in cika da biro. Na asali sai an yi oda daga waje da dala, malamin makaranta da albashinsa ina zai iya. Takardun bincikenta ma da abin da ta rubuta na hirarraki suna ajiye a makarantar SOAS ta Landan. Ɗalibata da ke zaune tafiyar ƙafa kaɗan daga Hubbare inda kabarin Asma'u yake kusa da na mahaifinta, ta fi ɗalibar Kansas wahalar samun tarihinta a rubuce. Ga makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai ko'ina da sunan Nana Asma'u, amma ka tsayar da yarinya ɗaya a ƙofar makarantar ka ce ta kawo baiti biyu.

Saboda haka ga roƙona gare ku. In za ku sake buga irin wanga rubutu a faɗi inda anka samo, a ambaci Jean Boyd, a ambaci Waziri Junaidu da Sidi Sayudi da sauran malaman da sunka yi aikin tare da ita, layi ɗaya ya isa, kuma a bambanta abin da ke cikin waƙa da abin da marubuci ya fahimta. Sannan ku duba yiwuwar buɗe shafi ko da sau ɗaya a wata na rayuwar marubutanmu da mawaƙanmu, ba na kirari ba, wanda za a je a zauna da iyali da almajirai a tambaya. Hukumar tarihi da jami'a da majalisar Sarkin Musulmi kuwa, in Allah ya sa wani cikinsu ya karanta, abin da muke buƙata a makarantu ɗan littafi ne mai araha da Hausa, boko da ajami, rayuwarta a gaba waƙoƙin a baya, a kuma ɗauki muryar matan da sunka iya rera su a sa a waya yadda za a riƙa turawa ta WhatsApp, tunda yanzu kowace 'yar aji na riƙe da waya ko ta yayarta. Gidajen da ke da gafaka su ma don Allah a bari a ɗauki hoto, ba raba ku da gado za a yi ba, gara da ruwan damina ba su san darajar warƙa ba.

In kun amince da zancen shafin ni zan fara. Akwai wata tsohuwa a ƙauyen su kakata da ta yi tafiyar taru tana yarinya kuma har yanzu hankalinta garau, in ta ba da izini ita da 'ya'yanta zan je hutun nan in zauna da ita in rubuto muku abin da ta faɗa da baitocin da ta riƙe, ku kuma ku duba in ya cancanci bugawa.

Na gode, Allah ya taimaka. Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku,
wata malamar Hausa,
Mabera, Sakkwato.